Wasiƙun Sojoji Masu Magana da Hausa a Yaƙin Bama (1943-1946): Yadda Ya Dace a Karanta Su

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wasiƙun da sojoji masu magana da Hausa suka riƙa aikawa gida daga Indiya da Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Manufarta ita ce ta nuna cewa kafin irin wannan wasiƙa ta kai ga wanda aka yi ta dominsa, sai ta bi ta hannun marubuci da hafsa mai tacewa da mai karantawa a gaban jama'a, kuma kowannensu ya bar tasirinsa a jikinta. An dogara da tarihin rundunar, da sigar wasiƙar Hausa ta gargajiya, da al'adar kunya, da hukuncin mijin da ya yi nisa a mazhabar Malikiyya. Maƙalar ta tsaya a kan cewa doguwar gaisuwar da ake ɗauka share fage ce, sau da yawa ita ce gundarin saƙon.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san Zariya ya san barikin Chindit, wanda ya san Kaduna kuma ya san barikin Dalet da na Kalapanzin. Ba kowa ne ke tsayawa ya tambayi asalin waɗannan sunaye ba. Dalet da Kalapanzin wurare ne a yankin Arakan na ƙasar Bama, wadda a yau ake kira Myanmar. Chindit kuwa laƙabi ne na dakarun Manjo Janar Orde Wingate, waɗanda bataliya uku ta sojan Nijeriya ta yi yaƙi a cikinsu a 1944. Sunayen sun tsira ne saboda hukuma ta rubuta su a ƙofar bariki. Abin da sojojin suka rubuta da hannunsu, ko suka sa aka rubuta musu zuwa ga iyaye da mata da 'ya'ya, bai sami wannan gata ba.

Manyan ayyukan da ake dogara da su a tarihin rubutun Hausa, irin su Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya (1988) da Poetry, Prose and Popular Culture in Hausa na Graham Furniss (1996), sun fi ba da ƙarfi ga waƙa da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo da jarida. Wannan ba aibi ba ne, domin abin da aka buga ko aka yaɗa shi ne ke hannun manazarci. Sai dai akwai wani rukunin rubutu da Karin Barber ta jawo hankalin masana gare shi a littafin da ta shirya, Africa's Hidden Histories (2006), wato takardun da talakawa ke rubutawa su adana a cikin adaka: wasiƙu da littattafan tuni da rasiɗai. Wasiƙar soja tana cikin wannan rukuni. Haɗarin da ke kanta iri biyu ne. Na farko gara da gobara da ɗigar ɗaki. Na biyu, wanda shi ne damuwar wannan maƙala, shi ne a same ta amma a yi mata gurguwar fahimta, a auna ta da ma'aunin wasiƙar sojan Turai, a ga babu kuka babu bege a cikinta, a ajiye ta a ce ba ta ɗauke da komai.

2.0 Fagen da Aka Yi Rubutun

Sojojin Nijeriya sun fara fita waje a wannan yaƙi ne zuwa Afirka ta Gabas, inda suka yaƙi Italiya, suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. Bayan Japan ta mamaye Bama a 1942, sai Ingila ta kafa manyan rundunoni biyu daga yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Runduna ta 81 ta isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944. Ta 82 ta biyo baya, kuma a Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu wajen kama Myohaung. Kimanin sojan Afirka ta Yamma 90,000 ne suka yi aiki a wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. An daina yaƙi a Agustan 1945, amma da yawa ba su taka ƙasarsu ba sai cikin 1946. Ke nan mutum na iya yin shekara biyu ko uku rabonsa da gida.

Ba duk waɗannan sojoji ne Hausawa ba. Akwai Tibi da Dakarkari da Barebari da Zabarmawa, ga kuma ɗimbin mutanen Kudu da aka ɗauka aikin akawu da tuƙi da jinya da sadarwa. Amma tun farkon ƙarni Hausa ce harshen barikin sojan Nijeriya, har ta haifar da karin da ake kira Barikanci, kodayake Ingilishi ya ƙara samun gindin zama a shekarun yaƙin. Saboda haka aka zaɓi a ce "masu magana da Hausa" a nan.

Yanayin wurin ma yana da nasa tasiri. Kwarin Kaladan ƙungurmin daji ne da tuddai, babu hanyar mota ta kirki, don haka ta jirgin sama ake jefa wa runduna ta 81 abinci da harsashi, 'yan dako kuma su ɗauka a ka. Takardar da ta fito daga irin wannan wuri sai ta kai sansani a Indiya, ta ƙetare teku, ta sauka Legas, ta hau jirgin ƙasa zuwa Arewa, sannan ta bi ofishin Di'o ko na En'e zuwa ga hakimi, daga nan zuwa dagaci. Kafin amsa ta komo, damina ta wuce. Mai irin wannan wasiƙa ya san labarin da ya bayar zai tsufa a hanya, shi ya sa ba labari ne babban abin da ke gabansa ba.

3.0 Hannayen da Takarda Ke Ratsawa

A shekarun 1940 masu iya boko a ƙasar Hausa 'yan ƙalilan ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, babban gangamin Yaƙi da Jahilci kuwa sai a farkon shekarun 1950. Wanda ya yi makarantar allo yana iya ɗan ajami, amma iya karanta Alƙur'ani daban, iya tsara wasiƙa daban. Gaskiya ne soja ya buɗe azuzuwan koyon karatu a lokacin yaƙin, wasu kuma a nan suka fara riƙe fensir. Duk da haka, kamar yadda David Killingray ya nuna a Fighting for Britain (2010), dogaro da wanda ya iya rubutu abu ne da ya zama ruwan dare a tsakanin sojojin Afirka.

Hannu na farko ke nan: marubuci. Soja yana faɗa, wani kofur ko akawu ko malami yana rubutawa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa tsoho wasiƙa a ƙauye ya san marubuci ba ya sauke magana yadda aka furta ta. Yana da nasa tubalan da ya haddace, yana taƙaita abin da ya ga ya yi tsawo, yana kuma gyara abin da ya ga bai dace ba. Mai faɗar ma yana tauna maganarsa, tunda da marubucin za su kwana a rami ɗaya, gobe kuma a ji ta a bakin abokai. Keith Breckenridge ya tattauna irin wannan yanayi a tsakanin ma'aikatan ci-rani na Afirka ta Kudu, inda hatta wasiƙar soyayya aikin taro ce. A wajen Bahaushe, wanda tarbiyyarsa ta hana shi bayyana rauni ko a gaban ƙaninsa, takurar ta fi haka tsanani.

Hannu na biyu shi ne na mai tacewa. A ƙa'idar sojan Ingila, hafsoshi ne ke duba wasiƙun na ƙasa da su kafin su fita. An hana ambaton sunan wuri da motsin runduna da yawan waɗanda aka kashe. Abin lura a nan shi ne batun haruffa. Tun zamanin Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, hukumar mulkin mallaka ta fifita boko a kan ajami, kuma ƙaramin hafsan da aka turo daga Ingila lokacin yaƙi da ƙyar yake haɗa Hausar ba da umurni, balle ya karanta ajami. Takardar ajami ba ta tsere wa tacewa saboda haka. Abin da ke faruwa shi ne ta ƙara buƙatar wani ido na ɗan ƙasa da zai karanta wa Bature. To, idan manazarci ya sami wasiƙar da aka rubuta a tsakiyar 1944 tana cewa lafiya lau, babu komai sai alheri, kada ya yi saurin cewa mai ita ya ɓoye gaskiya ko bai ji jiki ba. An riga an shata masa abin da zai iya faɗa.

Hannu na uku yana gida. Wasiƙa ta iso, sai a nemi malamin unguwa in ajami ce, ko malamin hakimi ko ɗan elementare in boko ce. A zaure ake karantawa, gaban maigida da 'yan'uwa da maƙwabtan da suka ji labari suka shigo. Matar soja tana cikin gida. Abin da ya shafe ta wani yaro ne ko ƙanin miji zai shiga ya maimaita mata da ka. Soja ya san wannan zaure sarai, domin shi ma ya zauna a cikinsa kafin ya tafi. Saboda zauren yake tsara maganarsa.

4.0 Gaisuwa a Matsayin Saƙo

Wasiƙar Hausa ba a bariki aka ƙirƙiro ta ba. Ta gaji sigarta daga wasiƙun Larabci na fadojin daular Sakkwato, irin waɗanda aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Tsarin sananne ne: sunan mai aikawa da wanda aka aika wa, sai gaisuwa, sai kalmar da ke raba gaisuwa da buƙata, sai rufewa da sallama. Da ya shigo Hausa sai ya zama "takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane", sai "gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci", sai "bayan gaisuwa", a ƙare da "haza wasalam". Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa kafin zuwan wayar hannu ya san waɗannan kalmomi.

A wasiƙar fada, nauyin magana yana bayan "bayan gaisuwa". A wasiƙar wanda ya yi nisa da gida, ma'aunin kan juye. Buƙatar na iya zama layi biyu, gaisuwar kuwa ta ci rabin shafi: a gai da baba, a gai da inna, a gai da kawu wane da goggo wance, a gai da liman, a gai da mai unguwa, a gai da abokai ɗaya bayan ɗaya. Mai karatu na yau yakan tsallake wannan jeri yana neman inda "maganar" take. A nan kuskuren yake.

Jerin sunayen taswira ce ta gidan kamar yadda sojan ya bar shi, kuma kamar yadda yake fatan ya tarar da shi. Wanda aka fara ambata da wanda aka jinkirta suna nuna martaba. Wanda aka tsallake a zauren da kowa ke sauraro ya ji a jikinsa, jama'a ma sun lura. Idan aka sami wasiƙu biyu ko uku na mutum ɗaya, sunan da ya ɓace tsakanin ta farko da ta biyu yana iya nuna rasuwa ko saɓani ko mutuwar aure, sabon sunan da ya shigo kuma haihuwa ce da aka yi a bayansa. Akwai ma abin tausayi da tazarar hanya ke jawowa, wato gaisuwa ta iso ga wanda aka riga aka yi sadakar arba'in ɗinsa. Har ila yau, gaisuwar tana yin aikin da ƙafa ke yi in mutum yana gari. Bahaushe yana riƙe matsayinsa a cikin dangi ne da zuwa gaisuwar safe da suna da ta'aziyya da barka. Wanda ke Arakan ya rasa duk wannan, sai takarda ta zaga gari a madadinsa.

4.1 Kunya

Inda aka fi yi wa irin wannan wasiƙa rashin adalci shi ne batun mata. Mai neman kalaman ƙauna zai tarar an rubuta wa uba ko wa, matar kuwa sai can ƙarshe a ce a gai da "mutanen gida" ko "uwar wane". Littafin Baba of Karo na Mary Smith (1954), wanda aka ɗauko daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau 'yan shekaru bayan yaƙin, cike yake da bayanin wannan kunya: mace ba ta kiran sunan mijinta, iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari. Mutumin da ya ambaci kewar matarsa a takardar da za a karanta gaban mahaifinsa ya kunyata kansa, ya kuma jawo mata surutun dangin miji. Kulawarsa takan fito ne ta wata kafa: a saya wa mutanen gida zane, kada a bar su babu hatsi, a gyara musu ɗaki kafin ruwa ya sauka. Wanda ya san al'adar ya ji abin da aka faɗa.

5.0 Wasiƙa a Gaban Alƙali

Akwai wani nauyi da takardar soja ke ɗauke da shi wanda ya wuce zumunci, shi ne igiyar aure. Kotunan alƙalai na Arewa da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, kuma wannan mazhaba ta yi bayani filla-filla a kan mijin da ba ya nan. Matar da aka bari babu ciyarwa tana da damar kai ƙara, alƙali ya ɗiba wa'adi, in babu mafita ya raba auren. Wadda doguwar tafiyar miji ta cutar da ita ma tana da hanya: in an san inda yake, sai a rubuta masa ya dawo, ko ya ɗauke ta, ko ya sake ta. Wanda kuwa aka rasa ɗuriyarsa gaba ɗaya, Risala ta Ibn Abi Zaid ta sanya wa matarsa jiran shekara huɗu daga lokacin da ta kai maganar gaban hukuma aka bincika, sannan ta yi takaba. Mukhtasar na Halil ya ƙara rarrabe hukuncin gwargwadon inda mutum ya ɓace, har da wanda ya ɓace a fagen fama.

Idan aka ɗora wasiƙar soja a kan wannan, sai a ga kowane sashe nata yana da amfani a shari'a. Isowarta shaida ce cewa yana raye. Adireshin da ke jiki shaida ce cewa ana iya samunsa. Layin da ke cewa ya aiko da kuɗi kaza, ko yana tambaya ko ana karɓar kason albashinsa da ya yanka a riƙa biyan iyalinsa a gida, shaida ce ta ciyarwa. Shi ya sa zancen kuɗi ke cika irin waɗannan takardu, ba don sojan ya fi son kuɗi da iyalinsa ba. Kuɗin kan bi ta hannun wakili, uba ko wa, kuma tambayar ko sun kai ga matar tambaya ce a kan ko zai dawo ya tarar da ita a ɗakinta.

Shiru ma yana da nasa hukunci. Isaac Fadoyebo, Bayarabe ma'aikacin jinya a runduna ta 81, ya ji rauni a wani kwanton ɓauna a bakin Kaladan a Maris 1944. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da abokinsa David Kargbo ɗan Saliyo, suka shafe kimanin wata tara a yankin da Japan ke riƙe da shi kafin a ceto su. Ya ba da labarin da kansa a A Stroke of Unbelievable Luck, Barnaby Phillips kuma ya faɗaɗa shi a Another Man's War (2014). Fadoyebo saurayi ne a lokacin. Da magidanci ne daga Gumel ko Zuru, wata taran nan na rashin takarda sun isa su sa surukai su fara zancen zuwa wurin alƙali.

6.0 Wasiƙar da Ta Yi Suna da Waɗanda Ba Su Yi Ba

Wasiƙar sojan Nijeriya da aka fi ambata a littattafan tarihi ita ce wadda Theo Ayoola ya aika wa Herbert Macaulay daga Indiya a 1945, inda ya nuna cewa sojoji za su dawo da sababbin ra'ayoyi, kuma 'yancin da aka ce sun yi yaƙi dominsa suna son su gan shi a gida. Ta yi suna ne saboda da Ingilishi aka rubuta ta, ga ɗan siyasa aka aika, kuma ta dace da labarin neman mulkin kai da masana tarihi ke son bayarwa. A Arewa ma, waƙar Maraba da Soja ta Sa'adu Zungur ta fuskar siyasa ta dubi dawowar tasu. Amma G. O. Olusanya tun a 1968, da Killingray daga baya, sun nuna cewa an zuzuta rawar tsofaffin sojoji a siyasar kishin ƙasa, domin abin da ya fi damun yawancinsu aiki ne da haƙƙoƙinsu da iyali. Wasiƙun gida su ne za su iya gwada wannan ra'ayi daga bakin masu abin.

Wuraren nema uku ne. Akwai kundin Gaskiya Ta Fi Kwabo na 1939 zuwa 1946, amma duk wasiƙar da aka samu a jarida ta ratsa hannu na huɗu, wato edita, don haka a yi hattara da ita. Akwai fayilolin larduna da na En'e a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa, tare da littattafan shari'a na kotunan alƙalai, inda ya kamata a bi ƙararrakin aure na waɗannan shekaru ɗaya bayan ɗaya. Na uku, wanda ya fi gaggawa, shi ne gidajen tsofaffin sojoji, inda takarda kan kwanta a cikin gafaka ko ƙasan adaka tare da lambar yabo da takardar sallama.

Wanda ya dace da irin wannan takarda, ɗaukar hotonta kaɗai bai wadatar ba. Ya kwatanta rubutun hannu tsakanin wasiƙun mutum ɗaya, domin sauyin hannu sauyin marubuci ne, kuma sauyin salo na iya biyo shi. Ya duba ambulan da hatimi da duk inda aka goge ko aka yanke. Ya zauna da dattawan gidan su warware masa sunayen da ke cikin gaisuwar, wane ne wane, me ya haɗa su da mai takardar. Yaran da aka gaisar a ƙarshen shafi a 1944 sun haura shekara tamanin yanzu, kuma su kaɗai suka rage da za su iya cewa wane malami ne ya karanta ta, a wane zaure, da abin da aka shiga aka gaya wa mahaifiyarsu.